Wutar da Ba Ta da Ƙauri

Jinyar Yaya ta ba ni wuya. Na yi koren shanu da ƙafa daga Balbeji har Kano, na kwana a bakin rijiya ina jiran layi a shekarun babban fari, na ga dabbobinmu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan gajiyar jiki ce, in ka kwanta sai ta kwanta. Amma jinyar mutumin da ya fi ka sani, kuma ya san ya fi ka sani, ba ta barin mutum ya huta ko yana zaune.

Yaya, Allah ya jiƙansa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Auta yake ce mini har na yi furfura a gemu. Ƙauyenmu yana ƙasar Gangara, gero muke nomawa kamar kowa, amma shi da ƙarfe aka san shi. Lalas yake yi wa dabbobi, wato ƙona wurin ciwo da jan ƙarfe. In raƙumi ya kama ɗingishi, ko takarkari ya kumbura a gwiwa, ko jaki ya saki kafaɗa, wurinsa ake kawowa. Buzaye daga Tarka, Fulani daga wajen Olelewa, duk sun san itaciyar aduwar da ke ƙofar gidanmu. Nan suke sauka su jira shi.

Ni ne mai hura masa wuta tun ina ƙarami. Sai ya sa a gurfanar da dabbar a ɗaure ta, ya bi wurin da babban yatsa a hankali, idonsa a rufe, har ya sami inda ciwon yake. Sai ya ɗauki gawayi ya zana layin da ƙarfe zai bi. Ba ya taɓa ɗora ƙarfe inda bai zana ba. In ƙarfen ya yi ja na miƙa masa, ya ɗora, gashi ya yi ƙauri, dabba ta yi kuka, shi kuwa kunnensa na kan ƙarar fatar. Can sai ya ɗaga. Ya shafa man shanu, ya ce a kwance ta.

Magana biyu yake da su a kan aikin nan, na ji su har sun ishe ni. Ta farko, wutar da ba ta yi ƙauri ba ba ta shiga ba. Ta biyu, ba a ɗora wuta a kan wuta. In fata ta kama, an gama, saura na Allah. Wanda ya ƙara, jijiya zai yanke, ya mayar da mai ɗingishi gurgu. Na taɓa ganin ya kori wani Buzu da ya nace a ƙara wa amalensa, ya ce masa, "Ɗan'uwa, in gasasshen nama kake so, mahauta na kasuwar Tanut."

Bayan fari da 'yan shekaru, muna fara tsayawa da ƙafafunmu, wani kumburi ya fito masa ƙarƙashin muƙamuƙi ta hagu. Da farko kamar ƙwallon aduwa. Ya ɓoye shi cikin rawani, ba wanda ya sani sai matarsa. Ita ta tare ni a bayan rumbu ta ce, "Ƙaramin miji, yayanka yana ɓoye mana abu a wuya. Ni ba ya jin maganata, kai ma ba ya ji, amma in mun haɗu ƙila ya ji rabi."

Da na matsa masa ya kwance rawanin, abin ya kai goriba. Na ce ko sakiya za a yi, a huda da ƙarfe ruwan ya fita. Ya kama yatsana ya ɗora a kai.

"Danna. Ka ji ruwa?"

"A'a."

"Tura shi gefe. Ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"To wannan ba na ƙarfe ba ne, Auta. Ya yi saiwa."

Ya san aikinsa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka jahili na yi jinya.

An sha rubutu, an sha sassaƙe, wanzami ya kafa ƙaho. Muka je disfansar, ƙaramin asibiti, a Tanut, mai allura ya yi masa allurai, da ya ga ba canji ya ce mu wuce Damagaram. A can lokotoro, wato likita, ya yanki ɗan nama ya aika a duba, muka koma gida, muka dawo. Ya ce daji ne. A wurinmu ba a cika kiran sunan wannan ciwo ba, sai a ce "abin nan". Ya ce wuƙa ba za ta yi ba, don ya naɗe da hanyoyin jini. Abin da ya rage gashi ne, da wata na'ura mai jefa wuta cikin jiki, kuma babu irinta a ƙasarmu. Ma'aikacin gwamnati akan sa shi a jirgi a kai shi ƙetaren teku. Irinmu kuwa, in muna da hanya, mafi kusa Ikko.

Ni abin da na ji shi ne nisa. Yaya abin da ya ji shi ne wuta. Tun da muka shiga ɗakin bai ɗaga kai ba sai a nan.

"Wuta ka ce? Su ma da wuta suke yi?"

Lokotoro ya ce wani iri ne na wuta.

"To," in ji Yaya, "a kai ni in ga masu ƙarfen Turawa."

Hanyar Ikko na san ta, don bayan Kano nakan bi shanu a jirgin ƙasa har zango. Muna da maigida a can, wani Alhaji mutumin Damagaram da ya tsufa a kurmi, shi ke saukar da fatake yana sayar musu da dabbobi. Muka fitar da abin da za mu iya fitarwa daga garke, muka tashi da bazara. Kamiyo, motar kaya, zuwa Damagaram, wata zuwa Kano, sannan jirgi. Yaya bai taɓa wuce Kano ba. Da muka shiga ƙasar itatuwa ya daɗe yana kallo ta taga, sai ya ce, "Mutanen nan ta ina suke ganin hadari in ya taso?"

Alhaji ya ba mu ɗaki, ya shige mana gaba a babban asibiti. Mun daɗe muna jiran layi, don masu irin ciwon da yawa, na'urar kuwa ɗaya. Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, Bayarabiya, gajeruwa, ta tashi a arewa tana jin Hausa sosai. Baba take ce masa. Ranar farko ta bi wuyansa da yatsu, ta auna, ta duba hotunan ƙashi, sannan ta ɗauki alƙalami ta zana masa layuka da tawada shuɗiya daga kunne zuwa ƙashin wuya. Ta ce kada ruwa ya taɓa zanen, ko da alwala ce, ya kewaye wurin.

Na zaci nan za a fara rigima. Sai na ga ya yi murmushi. Da muka fito ya ce, "Ka gani? Ta zana kafin ta ɗora. 'Yar nan an koya mata." Alwalar ma bai yi gardama ba, malamin masallacin zango ya nuna masa yadda zai yi, ya riƙa tsare zanen nan kamar ƙwai.

Rigimar ta zo ne da aka shigar da shi ɗakin na'urar. Ni ba a bar ni na shiga ba, shi ya ba ni labari, ransa a ɓace. Ɗaki ne mai katanga kaurin rumbu, da ƙofa mai nauyi. Aka kwantar da shi kan wani gado siriri, aka gyara kansa, aka juyo da wani ƙaton kai na ƙarfe ya tsaya a kansa. Sai kowa ya fita aka rufe shi shi kaɗai. Ya ji wani abu ya yi ƙas, ya ji gunji kaɗan, ya daure haƙora yana jiran zafi. Kafin ya gama salati aka buɗe ƙofa aka ce ya tashi, sai gobe.

"Ba zafi, ba hayaƙi, ba ƙauri," ya ce. "Na shafa wurin, sanyi ƙalau. Kuma ka taɓa ganin mai lalas ya ɗora ƙarfe ya ruga ya ɓuya bayan ƙofa? Auta, mun sayar da shanu mun zo kallon ƙarfe."

Washegari ya faɗa wa likitar haka, ido da ido. Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Baba, kai sau nawa kake shiga ɗakin nan a rana? Sau ɗaya. Ni in na tsaya kusa da kowa, tun safe har yamma, shekara da shekaru, me zai rage a jikina?" Ta ce wutar daga wani ɗan ƙarfe take fitowa da ke cikin kan na'urar, ba a hura shi, ba ya mutuwa, ido ba ya ganin abin da yake fitarwa, amma yana ratsa fata da nama. Ta ce ciwon ya fi naman lafiya jin wutar, shi ya sa ake ba shi kaɗan kaɗan kullum, naman lafiya ya samu ya farfaɗo kafin gobe, ciwon kuwa ya kasa. An auna abin da za a ba shi duka, an raba shi kwana kwana. Sai an kai ƙarshe.

Ya saurara har ta gama. A hanya ya ce, "Bakinta ya iya. Mu ga hannunta."

Haka muka yi ta zuwa. Mota biyu muke shiga kafin mu kai, a tsaye, cikin zufa. Damina kuwa ta riga ta sauka a kurmi. Kullum ruwa, a kan kwano, a kan kwalta, yana bin kwata yana tafiya teku. Yaya yakan zauna a bakin ƙofa yana kallo. Ya ce, "Ruwan yau kaɗai, da a gonata ya sauka, da na yi shuka har da ta maƙwabta. Ga shi nan yana wanke ƙafar 'yan tasha."

Bayan makonni abin ya fara nunawa. Fatar da ke cikin zanen ta yi duhu, ta fi sauran jikinsa baƙi, daidai layin, ko ɗan yatsa ba ta ƙetare ba. Gemunsa na wannan gefe ya zube. Miyau ya ƙafe masa, tuwo ya koma kamar yashi a bakinsa, sai kunu da fura mai ruwa. Sannan fatar ta fara saɓulewa tana tsatsafo da ruwa. Kumburin kuwa ya sauka, daga goriba ya koma kamar dabino, ya yi laushi.

Ni tsoro ya kama ni. Shi murna. Ya ari madubin Alhaji ya daɗe yana dubawa.

"Ta kama," ya ce. "Wallahi ta kama. Kuma dubi, ba ta fita daga zane ba. Na ci amanar 'yar nan da baki, Allah ya yafe mini."

Na ji daɗin wannan magana, ban kuma tsaya na yi tunanin abin da ke bayanta ba. A lokacin ya ɗan wuce rabin kwanakin da aka yanka masa.

Cikin kwanakin nan wasu masu koren shanu suka iso zango daga wajenmu, suka ce an yi ruwan shuka a Gangara, ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu. Wanda bai san yankinmu na Damargu ba ba zai gane ba. Ruwan shuka in ya wuce ka, wani lokaci shekarar ce ta wuce ka, kuma mu mun ga abin da rumbu wofi yake yi wa gida. Yaya ya fara naɗe tabarmarsa. Na ce ina zuwa? Ya ce gona ba ta san jinya ba.

Muka yi ta ja. A ƙarshe Alhaji ya raba mu, ya ce ni in tafi in yi shukar gonakin biyu, shi zai riƙa sa a kai Yaya asibiti har a gama. Yaya ya ce to. Ya bi ni da bayanin wane iri za a sa a tudu, wanne a kwari, kamar ba a gonar na girma ba.

Na iso gida na tarar da sauran danshi. Ni da matar Yaya da maƙwabta muka shiga. Ina sara da sungumi, tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige, tana tsokanata wai ramukana sun karkace kamar tafiyar mashayi. Muka gama tasa, muka gama tawa. Aka ƙara ruwa, gero ya tsiro. Na ce a raina bana Allah ya haɗa mana biyu, ga shuka ga magani.

Wata safiya ina duba tsiro a gonarsa, na hango mutum tafe daga hanyar Tanut, da sanda, da ƙunshi a kafaɗa. Tun daga nesa na gane tafiyar. Ya iso, ya tsuguna, ya tona gindin tsiro ɗaya da yatsa.

"Kun zurfafa," ya ce. Muryarsa ta dushe.

"Yaya, an gama ne?"

"An gama."

"Ita ta ce an gama?"

"Ni na ce."

Ashe kwana kaɗan bayan tafiyata ya ce wa Alhaji zai je masallacin Juma'a, ya wuce tashar jirgi. Na jefar da sandata. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce gonar da ka ce, ga ta an shuka, me kuma ya dawo da kai?

Ya kwance rawani ya nuna mini wuyan. Fatar ta saɓule, jajir, tana ƙyalli.

"Dubi nan da kyau. In raƙumi ne aka kawo maka da wannan, za ka ƙara masa ƙarfe?"

"Kai ba raƙumi ba ne."

"Fata fata ce. Na faɗa mata ta kama, a ɗaga hannu. Ta ba ni mai in shafa, ta ce in huta kwana biyu a ci gaba. A ci gaba, Auta! A kan wannan! Na kwanta a gadon nan ina jin kan ƙarfen yana juyowa, na ce ni da bakina na kori mutane a kan haka."

Sai a nan na gane gonar ba ita ce ta taso shi ba. Tun ranar da ya duba madubi ya gama shawararsa.

Na ce masa, "Yaya, rijiyar garinmu gaba nawa ce? In igiyarka ta kai rabi, ko ta wuce rabi, ko saura taki ɗaya ta taɓa ruwa, me za ka sha? Matar nan ta ce an auna igiyar daidai zurfin ciwon."

Ya ce, "Igiya ba ta ƙona rijiya."

Na ce mu koma gobe, ni zan kai shi. Matarsa ta yi kuka, liman ya yi magana, maigari ya yi magana. Yaya ya ce duk wanda ya taɓa ɗora jan ƙarfe a cikinsu ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Maganar ta mutu.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daminar nan ya yi kyau. Fatar ta warke, ta bar tabo mai santsi kamar jemammiyar fata, ba gashi. Kumburin sai ka danna sosai kake jin sa. Ya yi noman farko, ya yi maimai, ya koma ɗora wa dabbobi ƙarfe. Mutane suna zuwa kallon wuyan, yana ba su labarin ɗakin da mai wuta ke gudun wutarsa, ana dariya. Yakan ce, "Sun iya ɗorawa, ɗagawa ce ba su iya ba. Da na biye musu da yanzu ba ni da maƙogwaro." Gero ya yi, muka cika rumbuna. Ni kaina na fara cewa ko shi ke da gaskiya. Ina so ya zama shi ke da gaskiya.

Da sanyi ya shigo abin ya dawo. A ƙarƙashin tabon, da wani kuma a bayan kunne, masu tauri kamar dutse. Wannan karon da ciwo. Hannunsa na hagu ya fara nauyi.

Na karɓi koren wasu shanu zuwa kurmi don in samu in ga likitar. Na yi zaton za ta yi mini faɗa. Ta tuna da shi sarai, ta ce, "Baban nan mai raƙuma." Ta yi mini tambayoyi, ina ne, yaya girmansa, yana haɗiya ko ba ya yi. Sannan ta ce da a cikin makon da ya tafi ya dawo, da an ɗora daga inda aka tsaya. Yanzu ciwon ya huta ya yi ƙarfi, kafin a kashe shi sai an ba shi awo cikakke daga farko, wuyan kuwa ya riga ya sha fiye da rabi, nama ba ya mantawa. In aka sake, fatar da abin da ke ƙarƙashinta za su mutu su bar rami da ba ya rufewa. Ta ce kada in wahalar da shi a hanya. Ta rubuta mini maganin rage zafi, ta ce in gaishe shi.

Na dawo na same shi a kan tabarma a zaure, ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Na faɗa masa yadda ta ce, ban rage komai ba. Ya saurara. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na zaci kuka ne, ashe dariya ce ba murya.

"Wato ba a ɗora wuta a kan wuta," ya ce.

"Haka ta ce."

"Ban ce maka an koya mata ba?"

Na daɗe ina juya wannan a raina, har yau ban ajiye shi ba. Shi da ita doka ɗaya suke bi. Inda suka rabu shi ne yaushe wuta ta gama aikinta. Shi fata yake dubawa, don ciwon da ya saba da shi kusa da fata yake, in sama ta kama ƙasa ta kama. Nata ciwon yana can ciki, fata hanya ce kawai da wutar ke bi, tana ƙuna tun ba a kai ba. Shekara da shekaru idonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, ta yaya zai ƙaryata shi don wata ta ce? Ni da ban iya komai ba, bin maganar likita bai yi mini wuya ba.

Daga baya, shekaru bayan haka, na ji a rediyo ana bayanin wai masana suna aiki a kan wata irin wutar, wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, ana koro su da gudu, su ratsa fata ba su yi mata ɓarna sosai ba, sai sun kai daidai zurfin ciwon su tsaya su juye zafinsu a nan. Ban gane duka ba. Na ce da irinta aka yi wa Yaya, da fatar ba ta saɓule ba, da ƙila ya zauna har ƙarshe. Sai kuma na tuna mutumin. Wutar da ba ta bar alama ba, da tun makon farko ya naɗe tabarma ya ce an cuce shi. Ban san wacce za ta riƙe shi ba.

Bai ga daminar gaba ba. Amma kafin nan akwai wata la'asar da nake yawan tunawa. Wani Buzu daga Tarka ya sauka a gindin aduwa da taguwa, macen raƙumi, mai ɗingishi a ƙafar gaba. An gaya masa mai ƙarfe ba shi da lafiya, ya ce zai jira. Ya kwana, ya sake kwana, yana dafa shayinsa, ba ya damun kowa. Yaya yana hango shi daga zaure.

Ya kira ni da hannu. Sai na sa kunne kusa da bakinsa nake jin abin da yake cewa.

"Ɗauko ƙarafan. Ka sa siririn nan a wuta, ka ɗora mini nan bayan kunne. Ko zafin ya bar ni in yi barci."

Na ce, "Ba zan yi ba."

"Ni nake sa ka."

"Kai ka ce wannan ba na ƙarfe ba ne. Kai ka ce ba a ɗora wuta a kan wuta. Yau kuma ni za ka sa in karya maka duka biyun?"

Matarsa tana bakin ƙofa da ƙwaryar kunu, ta ce, "Ka ji ƙaramin miji ya yi baki."

Ya dube ni. Ya ce, "Ashe kana saurare. Na zaci hura wuta kawai kake yi." Ya karɓi maganin likitar ya haɗiya da ƙyar da kunun. Can ya nuna gindin aduwa da haɓa.

"Bawan Allahn can fa? Haka zai koma da ita tana ɗingishi?"

"Hannunka ba zai riƙe ƙarfe ba, Yaya."

"Na ce hannuna?" in ji shi.

Na ce ban taɓa ɗorawa ba. Ya ce ya sani. Na ce ban san lokacin ɗagawa ba. Ya ce wannan ba wanda ya gama saninsa, amma zai zauna kusa.

Da gari ya waye na hura wuta a gindin aduwa, na jera ƙarafan a cikin garwashi. Muka ɗauko Yaya da tabarmarsa muka jingina shi da itaciyar. Buzun ya gurfanar da taguwar muka ɗaure ta. Na bi ƙafar da babban yatsa har na ji inda ta zabura, na ɗauki gawayi na zana, na waiwaya. Ya gyaɗa kai. Na ɗauko ƙarfen ya yi ja, na ɗora a kan zanen. Ƙauri ya tashi, taguwar ta yi ruri, hannuna yana so ya janye. Ban dubi fatar ba, hannunsa na dama nake kallo a kan gwiwarsa. Na riƙe har ya ɗaga yatsa, sannan na ɗaga.